Hujja da Adon Harshe a Takardun Koke: Nazari daga Ƙasar Korahane

1. Gabatarwa

Korahane ƙaramar hukuma ce a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, ƙasar da noma da kiwo suke cuɗanya. A irin wannan wuri, takardar koke da ake kai wa sarki ko kwamitin kula da filaye a kan ɓarnar gona ko toshe burtali tana iya kashe wuta, tana kuma iya hura ta. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a feɗe wani aibi da ake yawan gani a irin waɗannan takardu, wato fifita adon harshe bisa hujja.

2. Salo

Sau da yawa mai rubutu yakan buɗe da doguwar gaisuwa da kirari, ya jero karin magana, sa'an nan ya rufe da kambamawa irin ta "shanu sun cinye ƙasar ƙaf" ko kuwa "manoma sun nome daji duka". Jimlolin nan suna da armashi a kunne, amma mai shari'a ba ya samun abin kamawa a cikinsu. Bugu da ƙari, kalmomi irin su "duka" da "kullum" sukan ɗauke laifin mutum guda su aza wa al'umma baki ɗaya. Haɗarin haka ba ƙarami ba ne, domin kuwa a 1991 rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin wannan jiha ta Maraɗi, ya ci rayuka fiye da ɗari. Karin magana gishiri ne: wurinsa bayan an kafa hujja, kuma guda ɗaya ya isa.

3. Hujja

Hujjar da ke tsai da irin wannan rubutu iri uku ce. Ta farko ita ce abin da aka gani da ido, tare da rana da wuri da adadi. Wanda ya ce garke ya shiga gonar gero ta gabas da rijiya ran Talata bayan isha'i, aka ƙiyasta ɓarnar dami goma, ya ba da abin da za a iya zuwa a auna. Ta biyu ita ce shaidu, a bambanta wanda ya gani da wanda ya ji, tun da gani ya kori ji.

Ta uku ita ce doka. Doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa a Nijar, iyakar da ta ratsa ƙasar Dakoro, ta kuma keɓe arewacinta domin kiwo. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, sa'an nan dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da waccan iyaka da haƙƙin zirga-zirgar dabbobi. Saboda haka takardar da ba ta faɗi inda gona take ba, kudu ko arewa da iyakar, cikin burtali ko wajensa, ta tsallake tambayar da hukunci ya rataya a kanta.

4. Tsari

Kyakkyawan tsari shi ne a fara da abin da ya auku, a bi shi da shaida, a kawo doka, a ƙare da buƙata guda bayyananniya. Wajibi ne kuma marubuci ya kawo hanzarin abokin gabarsa yadda yake, ya amsa shi. Manomin da ya amince cewa gonarsa ta ɗan ci burtali kafin ya nemi diyya ya fi samun kunnen mai shari'a bisa wanda ya ɓoye, aka tono daga baya.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata malaman Hausa da masu yaƙi da jahilci su riƙa horar da ɗalibai a kan rubuta rana da wuri da adadi da shaida kafin su koya musu azanci. Wanda ya saba da haka zai iya kare gonarsa ko garkensa da alƙalami, ba tare da ya zalunci maƙwabcinsa ba.