Wuta, Ruwa da Hannun Mai Haɗa Magani a Ƙasar Sin

A tsohon shagon maganin gargajiya na ƙasar Sin, bango guda kabad ne mai ɗaruruwan ƙananan durowoyi. Mai shago zai jawo wadda yake so ba tare da ya duba rubutun jikinta ba, ya auna saiwa da ɗan ma'aunin hannu. Abin kallo ne, amma ni abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne aikin da aka yi wa saiwar kafin ta shiga durowa. Sinawa suna kiransa paozhi, wato sarrafa ganye da saiwa da wuta, ruwa, gishiri ko zuma.

Saiwar fuzi, ɗanyarta guba ce tsagwaronta. Sai an jiƙa ta a ruwan gishiri, an dafa ta sa'o'i masu yawa, sannan dafin ya karye har a ba mara lafiya. Ita kuwa dihuang, ɗanyarta sanyaya jiki take yi a wurinsu. Idan aka turara ta aka shanya, aka maimaita har sau tara, sai ta koma baƙa wuluk mai zaƙi, a ba wanda ake ganin jininsa ya yi rauni. Ko haɗin ma da tsarin fada ake yinsa: akwai ganyen da shi ne sarki, akwai waziri, akwai mataimaki mai rage kaifin sarkin, sai jakada mai kai maganin inda ciwo yake.

Wannan kula da hannu ce ta ceto Tu Youyou, wata mai binciken magani 'yar ƙasar Sin. A 1969 aka ɗora mata aikin nemo maganin zazzaɓin cizon sauro. Ita da abokan aikinta sun tace haɗe-haɗen maganin gargajiya fiye da 2,000. Ganyen qinghao, ɗan'uwan tazargade ɗinmu, ya yi ta ba su wahala: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta koma wa littafin Ge Hong, likitan ƙarni na huɗu, ta lura shi bai ce a tafasa ganyen ba. Jiƙawa yake yi a ruwa, a matse, a sha. Nan ta gane zafin wuta ne ke kashe sinadarin maganin da ke cikin ganyen. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, kuma samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye da birai. Kafin a ba kowa, ta fara gwadawa a jikinta.

An ba ta kyautar Nobel a 2015. Ƙwayar Coartem da ake saye a kemis a Kano ko Maraɗi da damina, daga sinadarin ganyen nan aka samo ɗaya daga cikin magunguna biyun da ke cikinta.