Masu Karanta Tsuntsaye a Arewacin Zamfara

A ƙasar Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, watan Afrilu ba na wasa ba ne. Zafi kan haura digiri 40, gulbin Gagare da na Bunsuru sun koma rairayi sai 'yan kududdufai nan da can, manomi ya gama sharar gona ya kai taki, ya zauna jiran sama. A wannan tsakani na bazara ake gane wasu masana da ba su da takardar shaida: tsoho a gindin tsamiya, makiyayi a bayan garke, mafaraucin da ya jingine baka, da wanda ya tashi yana gadin gero. Su ne masu karanta tsuntsaye, kuma abin da suka iya fasaha ce mai ƙa'idoji, wadda ake koyo kamar kowace sana'a.

Babban darasinsu shi ne shamuwa. Kowa ya san ta, baƙa mai farin ciki da dogayen ƙafafu, wadda ke yin sheƙa kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari ba tare da tsoron mutum ba. Takan ƙare watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ake damina. Idan ruwan can ya ja baya sai ta biyo iska mai laima zuwa arewa, domin inda ruwa ya sauka nan fara da tsutsa ke ƙyanƙyashewa, su ne kuwa abincinta. Shi ya sa isowarta wajen Afrilu zuwa Mayu ke zama bushara, shi ya sa kuma ba a jifar ta.

Amma gwani ba ya ɗaukar sungumi don ya ga shamuwa ɗaya. Zai duba ko ta fara jidar kirare, ko iska ta daina zuwa daga gabas ta juyo ta kudu maso yamma, ko kuka ta fara toho. Sai alamomin sun haɗu zai ce wa yaransa: "Ku fiddo iri, sama ta kusa." Wani ma a nan yake yanke shawarar yin binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ya bar wa Allah sauran. Haɗa alamu da auna su, nan gwanintar take.

Kunne ne makami na farko. Tun daga kan tabarma bayan sallar asuba, masani zai faɗa maka wane ne ke magana a waje: kurciya da tattausan kukanta, cilakowa da siririn fito, ragon maza da muryarsa mai gangarowa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Idan zakaran ƙeƙuwa ya ɓarke da ihu a fadama, ya san wani abu ya gitta, mutum ko dabba.

Ido na biye. Daga nesa, tun launi bai fito ba, siffa da salon tashi sun isa. Shirwa ana gane ta da jelarta mai baki biyu. Cilakowa takan kaɗa fiffike ta hau, ta saki jiki ta gangaro, ta sake hawa. Hazbiya ta fi kurciya girma, da jan zobe kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Da damina ta kama kuma sai kaya su canza: namijin mulufi, wanda da rani ba ka bambanta shi da mace, ya rikiɗe ja da baƙi, zalaidu ya fid da doguwar jela, belbela, ci da motsin wani, ta yi ja-ja a ka da ƙirji saboda lokacin ƙwai ya yi.

Wanda ya yi haƙurin zama zai ga abin da ya fi haka. Namijin kabare shi ke tsage ganyen ciyawa ya saƙa gida da baki da ƙafa, ya rataya a ƙarƙashinsa yana kaɗa fiffike har mace ta zo dubawa; in ba ta karɓa ba, ya warware ya sake sabo. Macen cilakowa kuwa takan shiga kogon itace a liƙe ƙofar da laka, sai 'yar tsaga da namiji zai riƙa miƙo mata abinci har 'ya'ya su tasa.

Wannan sani yana da amfani a rumbu. Mai gadin gero ko shinkafa ya san ba kowane tsuntsu ke ɓarna ba. Jan-baki, mai zuwa dubbai ya share zangarniya, shi ake kaɗa wa gwangwani a harba wa majajjawa, da safe da yamma lokacin da ya fi sauka. Shamuwa da belbela kuwa ma'aikata ne marasa lada, masu rage fara.

Abin da tsohon ƙauye ke yi da ido tsirara, shi masana ke yi da madubin hangen nesa. Najeriya na da nau'in tsuntsaye fiye da 900. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda tun 2015 take jagorantar aikin zana taswirar inda kowane nau'i yake a ƙasar, da taimakon 'yan sa-kai. Irin wannan bincike ne ya nuna cewa wata tsattsewa, mai nauyin giram 20 ko kusa da haka, kan bar Afirka a Maris da Afrilu ta ƙetare Sahara zuwa Turai ta yi ƙwai. Shi ne kuma ya tabbatar da abin da mahauta suka riga suka lura da shi, cewa ungulu na ƙarewa: a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa.

Rashin tsaro ya raba mutane da yawa da daji da gonakin nesa, inda a da yaro ke koyon waɗannan abubuwa a bayan babansa. Sauƙin abin shi ne makarantar na iya dawowa tsakar gida. Ajiye kasko da ruwa a inuwar dogonyaro ko darbejiya, a riƙa canza shi kullum saboda sauro, a watsa ɗan tsaki a gefe, a karɓe danƙo daga hannun yara. Cikin zafin bazara baƙi ba za su daɗe ba: kurciya, gwara, kabare, har jan-gwada ya leƙo daga katanga. Daren ruwan fari kuma shinge zai tashi, kwaɗi da bushiya su fito liyafa. Ga nishaɗi, ga ladan shayar da mai rai.

Saura abu ɗaya. Dattawan da suka san sunan kowane tsuntsu da lokacinsa ba za su dawwama ba. Malaman makaranta da matasan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi, ku zauna da su a bazarar bana, ku tambaya, ku rubuta suna da rana da wuri. Wanda bai samu littafi ba, wayar hannunsa ta isa ta ɗauki muryar tsohon da ta tsuntsun.