Maye da Bamfaya: Kwatancin Ƙarfinsu a Adabin Baka

1.0 Gabatarwa

 Abin da ya haifar da wannan takarda wata muhawara ce da ta ɓarke a ajina na adabin baka, sa'ad da wani ɗalibi ya tambaya ko wane ne ya fi ƙarfi tsakanin mayen Hausa da mashayin jinin nan na Turawa da ake kira bamfaya. Mafi yawan ajin suka ba bamfaya, domin sun gan shi a majigi yana rikiɗa jemage, yana ratsa dare, harsashi ba ya yi masa kome. Da fari na ɗauki maganar wasan yara, amma da na zauna na auna ta sai na ga akwai abin nazari a cikinta, musamman da yake yanzu an fara fassara kalmar bamfaya da maye kai tsaye, kamar dai abu ɗaya ne.

Manufar takardar ita ce kwatanta waɗannan halittu ta fuskoki uku, watau inda ƙarfinsu ya samo asali, da abin da suke ci, da kuma lagonsu. Misalan Hausa na ɗebo su ne daga abin da na tashi ina ji a ƙasar Faskari da maƙwabtanta, Ƙanƙara da Sabuwa. Ba hukunci zan yanke a kan samuwar maita ko rashinta ba. Abin da ke gabana shi ne yadda al'umma ta siffanta ta a bakinta, da abin da siffar ke jawo wa mutane.

2.0 Bamfayan Littafi da Bamfayan Ƙauye

Kafin a shiga kwatanci wajibi ne a raba bamfaya gida biyu. Wanda ɗalibaina suka sani ɗan littafi ne, tushensa kuwa ƙagaggen labarin nan mai suna Dracula, wanda Bram Stoker, mutumin Ailan, ya buga a 1897. A cikinsa an ba dodon ƙarfin mutum 20, yana rikiɗa jemage ko kyarkeci ko hazo, yana sarrafa ɓeraye, ba shi da hoto a madubi. Mutuwa da hasken rana ma ba ta cikin littafin, domin a can yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Wani fim na Jamus mai suna Nosferatu, na 1922, shi ne ya kawo wannan ƙari.

Bamfayan ƙauye daban yake. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo na ƙasar Sabiya, wani manomi mai suna Petar Blagojević ya mutu, mutum 9 suka bi shi cikin 'yan kwanaki, sai mutanen gari suka tone kabarinsa, suka soke gawar da tsinin itace, suka ƙone ta. A 1732 wani likitan soja na Ostiriya, Johann Flückinger, ya rubuta rahoto a kan irin wannan tone-tone a ƙauyen Medveđa, rahoton da ya yaɗa kalmar bamfaya cikin Turai. Wannan bamfaya talaka ne, kumburarre, jajawur, aikinsa shi ne ya danne danginsa cikin barci. A 1988 Paul Barber ya bayyana cewa kumburin ciki da jinin da ake gani a bakin gawa alamun ruɓewa ne kurum, waɗanda ƙauyawa suka fassara da ƙoshi.

Abin da Stoker ya yi, ke nan, shi ne ya ɗauki talakan kabari ya naɗa masa sarauta, ya tara masa ƙarfin da ya tsinto nan da can, ya mai da shi baƙo daga nesa mai sayen gidaje a Landan. Hikima ce ta mai ƙaga labari, kuma ta yi tasiri, amma ta ɓatar da abu mafi muhimmanci a tsohon zancen, watau cewa mai cutar na gida ne.

3.0 Inda Ƙarfi ya Samo Asali

Bamfayan Sabiya sai ya mutu sa'an nan ya sami ƙarfi. Haka ma jiyangshi na ƙasar Sin, gawa ce sandararriya mai tafiya da tsalle, hannuwa miƙe. Amma da an shigo Afirka ta Yamma sai labari ya sauya. Obayifo na Asante a Gana mutum ne mai rai da ke zaune cikin jama'a, da dare ya bar jikinsa ya fita farauta. Adze na ƙabilar Ewe yakan fita da siffar ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Can Gabas ma, penanggalan ta Malesiya mace ce mai rai, wadda kanta ke rabuwa da gangar jiki ya tashi da kayan ciki a rataye.

Maye yana cikin wannan rukuni na biyu. Ƙarfinsa, a faɗar mutanenmu, yana cikin ƙanƙarar maita, wasu 'yan duwatsu da ke zaune a cikinsa. Ana samun ta ta gado ko ta saye, ko kuma a ba mutum cikin abinci bai sani ba. Ta gado ita ce aka fi tsoro, kuma an fi danganta ta da nonon uwa, har akan ce wanda ya gaje ta wajen uba kaɗai yana gani amma ba ya ci. A nan ya kamata mu tsaya mu lura. Tun da aka ce maita gado ce, to zargi ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, gida yake kamawa gaba ɗaya. Shi ya sa binciken asali kafin aure ya haɗa da tambayar ko akwai maita a dangi, kuma budurwa na iya rasa miji saboda maganar da aka yi a kan kakarta. Cizon bamfaya yana yaɗa cutarsa daga mutum zuwa mutum, amma bai taɓa hana jikarsa aure ba.

4.0 Abin da Ake Ci

Bamfaya jini yake sha, abin da ido ke gani, kuma dole ya kai jiki ga jiki, ya bar tabo a wuya. Jiyangshi numfashin rai yake zuƙa. Maye kuwa kurwa yake kamawa, ba ya bukatar haƙori ko duhun dare. Kallo ɗaya a bakin rijiya ko a gidan biki ya isa. Akan ce yana ganin kurwa da siffar wata 'yar dabba ko tsuntsu, ya kama ta ya ɓoye a kogon itace ko ƙarƙashin murhu, mai ita ya kwanta yana ramewa, ran da aka yanka ta kuwa ya cika.

Saboda haka fassara bamfaya da maye tana da rauni tun daga tushe. In ana neman mai shan jini a al'adar Hausawa, to wajen iskoki za a nufa, musamman Doguwa, wadda akan ce wasu gidaje na ajiye ta, ana yi mata yanka, in an fasa ta juya kan mutanen gidan. A. J. N. Tremearne ya yi rubutu a kan iskokin bori a 1914, Joseph Greenberg kuma ya yi a kan na Maguzawan Kano a 1946, kuma mai karanta su zai ga cewa Bahaushe bai haɗa iska da maye a kwando ɗaya ba. Akwai kuma 'yan shan jini na labaran birni, waɗanda ake dangantawa da neman kuɗi, su ma wani babi ne daban.

5.0 Lago

Kowace al'umma da ta ƙaga dodo takan ƙaga masa linzami. Dracula ba ya shiga gida sai an gayyace shi, ba ya hutawa sai a kan ƙasar garinsu, wadda ya yi dakonta cikin akwatuna 50, kuma yana gudun gicciye da tafarnuwa. Jiyangshi takarda mai rubutu ake manna masa a goshi ya sandare. Sukuyan ta tsibiran Karibiyan, wadda ke tuɓe fatarta da dare, in an zuba shinkafa a hanyarta dole ta tsaya ƙirga har gari ya waye.

Abin sha'awa, tafarnuwa ta haɗa mu da Turawa, domin mu ma ana rataya ta ko a shafa don maye, tare da tazargade da layu. Akwai kuma kariyar baki da kowane yaro ya iya: kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa. Amma babban bambanci yana wajen magani bayan an kamu. Maganin bamfaya shi ne a hallaka shi. Maganin kamun maye kuwa yana hannun mayen, domin shi za a sa ya tsallake majinyaci, ko ya kuskure baki a ba shi ruwan ya sha. Don haka ne aka sami sarautar Sarkin Mayu, wanda aikinsa shi ne ya gane mai kamu ya sa shi ya saki. Ma'anar wannan ita ce, ba a warkewa sai an ambaci sunan wani, kuma sai an fito da shi gaban jama'a.

6.0 Wane ne ya fi Ƙarfi?

In da ƙirga dabaru ne, Dracula ya yi wa maye fintinkau. Amma a ganina ma'aunin da ya dace da mai nazarin adabi shi ne ya duba abin da labari ke iya sa mutane su aikata, da kuma kan wanda sandar ke sauka. A 1892, a garin Exeter na jihar Rhode Island ta Amurka, tarin fuka ya yi ta ɗaukar 'yan gida ɗaya, sai aka tone gawar wata budurwa, Mercy Brown, aka ƙone zuciyarta. Abin ƙyama ne, amma gawa aka wulaƙanta. A Turai ma, da Sarauniya Maria Theresa ta hana tone kaburbura a 1755, abin da ta kare matattu ne.

A wajenmu sandar kan mai rai take sauka. Ina yaro, a wani ƙauye na ƙasar Faskari, wata yarinya ta kwanta da zazzaɓi mai zafi a ƙarshen damina, cikin sambatu ta kira sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ba ta da ɗa namiji a garin. Aka jawo tsohuwar, aka sa ta tsallake yarinyar a gaban mutane. Yarinyar ta tashi bayan kwanaki, aka ce an saki kurwa. Da ta mutu, da an ce an riga an yanka. Ta kowace fuska tsohuwar ba ta da mafita. Daga ranar ba wanda ya sake sayen daddawarta, kafin shekara ta kewayo ta bar garin. Masu iya magana sun ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba, amma ba su gaya mana abin da wanda aka yi wa ƙazafi zai yi da nasa tunanin ba.

Likitoci sun san cewa zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, suna sa sambatu, kuma mai sambatu sunan wanda ya sani yake kira. Lokacin da ake ɓatawa wajen neman mai kamu shi ne lokacin da ya kamata a nufi asibiti. Haka nan a 2017, a kudancin Malawi, jita-jitar masu shan jini ta sa gungun mutane sun kashe waɗanda suke zargi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomi. Duk inda aka ce dodon mai rai ne, to jinin da ke zuba na wanda ake zargi ne. Tun a dokar Final Kot ta Jihar Arewa ta 1959 an sanya jifan mutum da maita cikin laifuffuka, Musulunci kuma ya yi hani mai tsanani ga ƙazafi da mummunan zato, amma tsoro ya fi doka saurin isa ƙauye.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa bamfayan da aka fi sani ƙirar marubuci ne da masu fim, kuma ya sha bamban da maye ta wajen asali da abinci da magani. Amsar da zan mayar wa ɗalibaina ita ce maye ya fi ƙarfi, domin yana da gida da dangi da suna a cikin gari, kuma labarinsa na iya raba aure ya tashi tsohuwa daga mahaifarta. Ina ba masu fassara shawara su bar wa bamfaya sunansa, ko su ce fatalwa mai shan jini. Mu kuma malamai, in mun tura ɗalibai tattara labaran maita a garuruwansu, mu umurce su su riƙa tambayar abin da ya sami wanda aka zarga bayan an watse, su rubuta shi tare da sauran labarin. Allah ya sa mu dace, amin.