Bango, Malamin Kunne

Kwanakin baya wani matashin koci da bai daɗe da dawowa daga kwas ba ya tarar da ni na tsayar da yara uku gaban bango, kowa da raket da ƙwallo ɗaya. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Baba, ai an wuce wannan zamani. Bango ɓata hannu yake yi." Hujjojinsa uku ne: bango yana dawo da ƙwallo da wuri har yaro ya saba da bugun garaje, ba shi da raga balle layi, saboda haka ba a sanin wadda ta shiga da wadda ta fita, kuma ba ya tunani, alhali tanis wasa ne na mutum biyu masu neman kunyata juna. A ganinsa kwandon ƙwallaye da injin harbawa sun wadatar. Ban yi masa musu a gaban yara ba, sai dai maganar ta tsaya mini a rai.

Tarihin wannan gardama ba mai tsawo ba ne. Tun da aka buga Wimbledon ta farko a 1877, wanda bai sami abokin wasa ba bango yake nema. René Lacoste na Faransa ya yi suna da dukan bango, kuma shi ɗin ne ya ƙera injin harba ƙwallo a shekarun 1920, to ka ga gardamar ma a gida ɗaya aka haife ta. Björn Borg ya tashi yana dukan ƙofar gareji a Södertälje ta ƙasar Suwidin, da raket ɗin da mahaifinsa ya ciyo a gasar tanis ɗin tebur. Daga nan ya je ya ɗauki Wimbledon sau biyar a jere, 1976 zuwa 1980. Novak Djokovic ya sha nuna wa duniya bangon da ya koya a Kopaonik ta Sabiya. Roger Federer kuwa, da korona ta kulle kowa a 2020, bangon ya koma wa, ƙanƙara na zuba yana bugawa. A ɗaya gefen akwai makarantar Nick Bollettieri da aka buɗe a Florida a 1978, wadda ta yaɗa salon kwando da ƙwallaye ɗari bisa ɗari, da kuma injin da mahaifin Andre Agassi ya girke masa a Las Vegas, yana buga ƙwallo 2,500 a rana. Agassi ya zama gwarzo, babu mai ja. Amma a littafinsa Open na 2009 shi da kansa ya bayyana yadda ya tsani wasan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hujja ta biyu da ta uku ba su kai a ɓata musu lokaci ba. Babu raga? Alli na naira nawa ne? A ja layi a tsayin santimita 91, daidai tsakiyar raga, a ja wani kamar mita ɗaya a samansa, a ce wa yaro tsakaninsu ne gidansa. Bango ba ya tunani? Shi injin tunanin me yake yi? Dabara a fili ake koyonta da abokin karawa, kuma ban taɓa cewa a rufe fili ba. Hujjar farko ce mai nauyi, ita ce kuma zan zauna a kanta.

Gaskiyar kocin nan ita ce lissafi. Tsawon fili mita 23.77 ne. In kana musaya da mutum daga layin baya zuwa layin baya, ƙwallo tana cin kusan mita 48 kafin ta sake zuwa hannunka. In ka tsaya mita 12 daga bango, mita 24 kawai take ci, wato rabin lokacin da ka saba samu. Ga shi kuma bango yana shanye mata ƙarfi, sai yaro ya ga ba ta iso ba, ya ƙara zage damtse, ta dawo masa a guje, ya tare ta da wuyan hannu ko ta halin ƙaƙa. Wannan shi ne ɓata hannun da ake faɗa, kuma na gan shi da idona. Amma laifin wanda ya sake yaro gaban bango ne ya tafi shan inuwa. Maganinsa biyu. Ko dai yaro ya matso zuwa mita bakwai ko takwas ya buga da rabin ƙarfi, ko ya ja baya ya bar ƙwallo ta yi tsalle biyu kafin ya taɓa ta. Tsalle na biyun nan shi ne lokacin da abokin karawa yake ci, an mayar masa da abinsa.

Da zarar an gyara nisa, sai abin da nake ƙauna ya fito. Ka rufe ido ka saurara. Raket ta ce fau, bango ya ce tim, ƙasa ta ce tap, sannan ɗan shiru, sannan fau. Duk wanda ya taso a gidan da ake lugude ya san wannan: taɓarya ba ta sauka sai 'yar'uwarta ta tashi, kuma macen da ta yi gaggawa kowa a tsakar gida zai ji, ko da yana cikin ɗaki. A cikin ɗan shirun nan tanis take. A nan kafaɗa ke juyawa, raket ta koma baya tun ƙwallo tana kan hanyar bango, ƙafafu su yi 'yan gajerun taku, nauyin jiki ya zauna a ƙafar baya yana jira. Jiran a ƙugu yake da gwiwa. Hannu ba ya sandarewa. Yaron da ya makara, fau ɗinsa yana zuwa a daƙushe, ƙwallo ta ci gefen raket. Wanda ya yi sauri kuwa, shirun ne ke ɓacewa gaba ɗaya. Ba sai na yi magana ba, kunnensa ya riga ya gaya masa.

Shi ya sa ba na ƙirga ƙarfi, jere nake ƙirgawa: ashirin a bugun dama tsakanin layukan alli, in ta kuɓuce a koma ɗaya. Bayan nan sai a karkata bugun. Ƙwallon da aka aika wa bango a karkace tana fita ta ɗaya ɓangaren, don haka bugun dama yana haifar da bugun bayan hannu, shi kuma ya haifar da na dama, yaro yana kai da komo kamar ƙoshiyar masaƙa. A ƙarshe a matso mita biyu ko uku a riƙa tare ta kafin ta taɓa ƙasa. A nan wanda yake lilo da raket zai gane kurensa tun a bugu na uku. Bambancin bango da inji ke nan. Inji yana ba ka ƙwallo mai kyau ko ka yi ɓarna a wadda ta gabata. Bango abin da ka shuka yake ba ka ka girba nan take.

Ban fahimci zurfin wannan ba sai da na ga wata sana'ar daban. A wani filin ciyawa a Ingila na tarar da wani dattijo da sandar fatsa doguwa, babu kogi, babu kifi, babu ma ƙugiya, sai ɗan ulu ja a bakin zare, yana wurgawa gaba da baya. Na ɗauka tsufa ne ya taɓa shi. Ashe atisayen fatsar ƙwaro yake yi, irin kamun kifin da ake ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a ajiye shi a kan ruwa kifi ya ɗauka. Tsohuwar sana'a ce; Charles Cotton ya yi bayaninta a ƙarin da ya yi wa littafin Izaak Walton a 1676, kuma yau har kogin Faro na arewacin Kamaru masu ita suke zuwa neman giwan ruwa da tsage. Tunda ƙwaron ba shi da nauyi, zaren ne ake jefawa. Sandar takan kai ƙafa tara. Ana fizgar zare baya, a tsayar da sanda cak, a jira ya kusa miƙewa a iska, sannan a turo shi gaba. Mai jifa ba ya ganin bayansa. Dattijon ya ba ni na gwada, ina turowa sai na ji tsau kamar bulala, ulun ya tsinke ya tafi. Ya yi dariya, ya nuna kunnensa. Sauri ya haifi nawa. Da na jinkirta fiye da kima kuma, zaren ya faɗi ya ja ciyawa.

To ai shirun bango ke nan, an ɗauke shi an kai bakin kogi. Ba banza ba Joan Wulff ta Amurka, wadda ta doke maza a gasar nisan jifa a 1951, malamar rawa ce tun asali. Ba banza ba kuma uban da ke cikin labarin Norman Maclean na 1976 yake koya wa 'ya'yansa jifa da na'urar ƙirga kiɗa. Masu wannan sana'a ba sa jin kunyar a gan su a ciyawa da ulu. Mu ne muka fara jin kunyar bangonmu.

Inda nake son zuwa shi ne, an cika ɗaukar tanis wasan ido, ana ta ce wa yaro kalli ƙwallo, kalli ƙwallo. Ni a wurina kunne ne babban malamin hannu. Timothy Gallwey ya hango haka a 1974, da ya sa ɗalibai su furta kalma in ƙwallo ta taɓa ƙasa, su furta wata in ta taɓa raket. Martina Navratilova ta daɗe tana ƙorafin cewa ihun da wasu ke yi wajen bugu yana rufe ƙarar ƙwallo. Da aka sa wa babban filin gasar US Open rufi a 2016, ruwa ya sauka a kansa, Andy Murray ya koka cewa ba a jin ƙwallo. In manyan nan suna dogara da kunne, ina ake horar da shi? Ba a gaban inji mai gurnani ba, ba kuma a layin yara takwas da koci ke ta surutu a kansu ba. Sai inda mutum yake shi kaɗai da ƙwallo ɗaya, babu mai yabo, babu mai tsawa.

Akwai kuma abin da kwas ba ya faɗa. Yaranmu da yawa ta hanyar tsintar ƙwallo suke shiga tanis, kamar yadda Nduka Odizor ya fara a Legas kafin ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Irin wannan yaro ba shi da kwando, ba shi da inji, wutar da za ta juya injin ma sai an yi sa'a. Yana da tsohuwar ƙwallo guda da katangar bayan kulob. Wanda ya ce masa bango ɓata hannu ne ya ƙwace masa malamin da yake da shi.

Da kocin ya dawo mako na gaba, na ce ya juya wa bango baya, na sa yaran suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara jim kaɗan, ya ce, "Wannan na biyun yana makara a bayan hannu." Na ce, "Ɗana, da wane ido ka gani?"