Bargon Laktayi: Ɗinkin Makoki a Gidajen Amurka

Idan magidanci ya rasu a Amurka, ko ya yi ritaya daga aikin ofis, akwai kaya guda da iyalinsa kan rasa yadda za su yi da shi: tarin laktayin da ke rataye a bayan ƙofar sif. Kwat tana da mai so, takalmi ba ya rasa ƙafa, agogo kuwa tun uban yana da rai an san ɗan da zai gada. Laktayi fa? Talatin, hamsin, wani gidan ma sun fi haka, kuma babu mai neman ko ɗaya. Daga nan wata al'ada ta yi ƙarfi a tsakanin mata masu ɗinki. Sai su farke su ɗaya bayan ɗaya, su goge, su haɗa su su zama bargon faci-faci, ko rigar matashi, ko jaka, ko 'yar tsana da za a ba jika. A 1994 Shirley Botsford ta fitar da littafi sukutum a kan wannan aiki mai suna Daddy's Ties. Yabon da aka fi yi wa al'adar shi ne wai tattali ce, an ceci tsohon ƙyalle daga bola. A ganina wannan yabo ya sauka a gefe. In da ma'aunin tattali za a auna bargon laktayi, to ya faɗi warwas. Aikin makoki ne da rabon gado, kuma a kan haka ya kamata a yi masa hukunci.

Hujja ta farko tana jikin ƙyallen. Tun shekarun 1920, lokacin da wani mai sana'ar laktayi a New York, Jesse Langsdorf, ya yi rajistar dabararsa, ana yanka laktayi ne a karkace, ba a bin tsayin saƙa ko faɗinta, sannan a haɗa shi daga yanki uku. Wannan yanka shi ke sa ya kwanta lafiya a ƙirji, ya miƙe idan an ja, ya koma daidai idan an kwance ƙulli. Amma abin da ya zama alheri ga wuya ya zama masifa a ƙarƙashin allura. Mai haɗa bargo tana son ƙyallen da zai tsaya inda aka ajiye shi, shi kuwa silikin da aka yanka a karkace sai ya yi ta zillewa, baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kusurwa ta ƙi haɗuwa da 'yar uwarta. Kafin ma a kai nan, dole a datse ɗinkin da ya riƙe bakin, a zare dogon zaren nan da ya bi bayan laktayi daga sama har ƙasa, a cire cikon ulu da ke ciki, a ɓanɓare shafin da ke bakinsa. Abin da ya rage shi ne ɗan siliki mai faɗi a gindi, siriri a sama, da sawun ninki da ba ya fita sai an dafa shi da guga marar zafi sosai, ga tabon miya a tsakiya, ga wurin ƙulli ya ƙoƙe don gumi. Sannan a manna masa wani siririn ƙyalle a baya don ya daina miƙewa, ko a ɗinka shi a kan wani yadi da zai zama tushe. Macen da ke neman abin rufa mai araha, da kwanakin da ta ɓata a nan ta sayi barguna da yawa a kanti.

Tarihi ma bai goyi bayan zancen tattali ba. An saba cewa ɗinkin faci-faci a Amurka ɗan talauci ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma reshen da bargon laktayi ya fito dabam ne. Bayan babban baje kolin Philadelphia na 1876, inda kayan Japan suka ɗauke hankalin jama'a, matan gidajen masu hali sun shiga yayin haɗa ƙyallayen siliki da karan-miski barkatai, kowace gaɓa a bi ta da surfani. A shekarun 1880 abin ya kai har masana'antun siliki suna sayar da ragowar yanka a ƙunshe ta gidan waya. Ba a kwana da irin waɗannan, a falo ake shimfiɗa su don baƙi su gani. A zamanin ne kuma aka riƙa tara 'yan igiyoyin siliki rawaya da ake ɗaure damin sigari da su, a jera su a yi mayafin tebur. Ke nan tun asali an saba ɗaukar ɗan silikin da ke hannun namiji a mayar da shi adon ɗaki, kuma laktayi ya shigo layin da ya tarar.

To me ya sa laktayi, ba riga ko wando ba? Kayan ma'aikacin ofis a ƙarni na 20 kusan iri ɗaya ne ga kowa: kwat baƙa ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, da farar riga. Wurin da aka bar wa mutum ya nuna zaɓinsa ɗan tsirin nan ne da ke saukowa daga kwala, kamar yadda a taron da kowa ya sa farar babbar riga, hula ce ke bambanta mutum da na kusa da shi. Yana kuma ɗauke da kwanan wata. Siririn laktayi na farkon shekarun 1960 ne. Mai faɗi kamar tafin hannu ya zo ne a ƙarshensu, lokacin da Michael Fish a Landan da Ralph Lauren, wanda ya fara sana'arsa da laktayi a 1967, suka faɗaɗa shi, sai kuma na roba masu launi mai kashe ido na shekarun 1970. Wanda ya san wannan yana iya karanta shekarun aikin mutum a jikin bargo. Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Da yawa daga cikinsu ba mai gidan ne ya saya ba. Ranar Uba, da ake yi Lahadi ta uku a watan Yuni, wadda aka fara a Spokane a 1910 kuma Shugaba Nixon ya tabbatar da ita a doka a 1972, ta yi suna da kyautar laktayi har abin ya zama na barkwanci. 'Yar da ke farke su tana cin karo da wanda ita ta zaɓa tana yarinya, mummuna ƙwarai, wanda uban ya ɗaura ya tafi aiki don kada ranta ya ɓaci.

Mai karatu a ƙasarmu zai yi saurin cewa: ba gara a yi sadaka da tufafin mamaci ba, ya samu lada, mabukaci ya amfana? Wannan magana ce mai nauyi, kuma a kan kwat da riguna ba ni da abin cewa a kanta. Amma laktayi ba ya rufe tsiraici, ba ya maganin sanyi, kuma masu ɗaura shi kullum raguwa suke yi. Cinikinsa a Amurka ya kai ƙololuwa a 1995, kimanin dala biliyan 1.3, zuwa 2008 ya ragu kusan da rabi, kuma a shekarar ce ƙungiyar masu sana'ar ta rufe ƙofa. Ƙididdigar Gallup ta 2007 ta nuna kashi 6 cikin ɗari ne kawai na maza ke ɗaura shi kullum zuwa aiki. Wanda ya tura shi shagon gwanjo sau da yawa ya kai shi bola ne ta doguwar hanya. Ga kuma batun rabo: zobe ɗaya ba ya isar 'ya'ya huɗu, amma laktayi arba'in suna fitar da matashi huɗu, kowa da nasa, babu mai ƙorafi.

Suka ta biyu ta fi wannan kama jiki. Bargon siliki ba ya jure wanki, rana tana cinye launinsa, kuma da yawa daga cikin na ƙarni na 19 da ke gidajen tarihi sun ruguje saboda gishirin ƙarfe da aka sa wa silikin don ya yi nauyi a sikeli. Abin da ba a iya rufa da shi, me ya mai da shi bargo? Alice Walker ta kafa irin wannan gardama a gajeren labarinta na 1973, Everyday Use, inda 'yan uwa mata biyu suke son bargunan kakarsu, ɗaya don ta rataye a bango, ɗaya don ta rufa, uwar kuma ta ba mai rufa. Ina tare da uwar a kan bargon auduga. A kan na laktayi kuwa ratayewa ba cin amana ba ce, domin shi kansa laktayin bai taɓa yin wani aiki da ya wuce a gan shi ba. Fasalin da ya fi dacewa da shi ma ya nuna haka: ana jera su a kewaye, masu tsini a waje, siraran a tsakiya, su yi kamar faranti ko fitowar rana. Abin kallo ne daga nesa.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne a batun wanda ake tunawa. Laktayi tufar mai albashi ce. A Gee's Bend ta jihar Alabama, a 1942, Missouri Pettway ta haɗa bargo da tsofaffin kayan aikin gona na mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa, kuma ana ganin inda gwiwa ta cinye wando. Wannan ƙyalle ya san jikin mutumin da wahalarsa fiye da yadda siliki zai sani. Haka babban bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, da aka fara shimfiɗawa a Washington a 1987 da yanki 1,920, kowane yanki girman kabari, ya karɓi duk irin tufar da mamaci ya bari. Bargon laktayi bai kai su zurfi ba, fuskar da uba ke fita da ita waje kawai yake nunawa. Sai dai ga yaro da yawa, wannan fuskar ce ya fi sani, ta safe a bakin ƙofa da ta yamma lokacin sassauta ƙulli.

Yau akwai masu sana'a a intanet da ake aika wa laktayi a kwali, bayan 'yan watanni su dawo da bargo a naɗe. Ɗinkinsu ya fi tsabta, kusurwoyinsu sun haɗu. Amma in hujjar da na kawo ta tsaya, rabin amfanin yana cikin farkewar, lokacin da hannu ke juya kowane ɗaya ana tuna ranar da aka ɗaura shi. Wadda ba ta iya keke ba, ta kai wa tela ya haɗa, babu laifi, amma ta farke da kanta. Kuma ta yi da wuri, domin kayan aikin ƙarewa suke yi: a 2017 majalisar dokokin Birtaniya ta sassauta wajabcin laktayi ga 'yan majalisa, a 2019 bankin Goldman Sachs ya sassauta dokar tufafin ma'aikatansa, kuma a gidajen Amurka yanzu har da rigunan shan iska ake haɗa irin wannan bargo.