Ladan Ɓera da Harshen Ɗan Adam: Nazari a kan Ra'ayin Skinner

A shekarar 1913 ne John Watson, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya kira 'yan'uwansa masana su bar zancen abin da ke cikin zuciya, su tsaya ga abin da ido ke gani. Daga baya ya jingina ra'ayinsa ga binciken Pavlov na Rasha, wanda karnukansa suka riƙa zubar da miyau da jin ƙarar da suka saba ji kafin abinci.

B. F. Skinner, malami a Jami'ar Harvard, shi ya kai wannan ra'ayi matuƙa. Ya sa ɓera cikin akwati, in ya danna wani ɗan ƙarfe sai abinci ya faɗo, har dannawar ta zama masa ɗabi'a. A littafinsa Verbal Behavior na 1957 ya ce haka yaro ke koyon magana: ya furta kalma, a saka masa da abin da yake so, sai kalmar ta zauna.

Lalle akwai gaskiya a nan, gama sakayya tana kafa ɗabi'a, har wa yau kuwa ana horar da dabbobi da wannan dabara. Amma fa harshe ya wuce ɗabi'a. Noam Chomsky ya nuna haka a sharhinsa na 1959, inda ya ce yaro yakan faɗi jumlar da bai taɓa ji ba, balle a saka masa a kanta. Hausa ma shaida ce. Da kalmar kwamfuta ta shigo, Hausawa suka ce kwamfutoci, bisa tsarin mota da motoci, ba wanda ya ba su lada. Ƙa'ida ce suka riƙe a ka, suka ɗora ta a kan sabon abu.

Kuskuren littafin shi ne ya auna mutum da mudun ɓera. Malamin harshe da ya dogara da shi kaɗai, yana ta sa yara maimaici yana yaba musu, zai sami masu hadda, amma da wuya ya sami wanda zai tsara wasiƙa da kansa.