Tarken Hotunan Dare na Tashar Radar ta Duga

1.0 Gabatarwa

Duga tashar radar ce da Tarayyar Sobiyet ta gina a daji kusa da Chernobyl, a Yukren ta yanzu, domin hango makamai masu linzami na Amurka tun daga nesa. Ta fara aiki a 1976, aka daina jin ɗuriyarta a 1989. Abin da ya saura shi ne katangar ƙarafa mai tsayin kimanin mita 150. Wannan takarda za ta dubi hotunan da ake ɗaukar katangar da dare.

2.0 Salo

Mai ɗaukar hoto yakan kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe na tsawon mintuna. Saboda juyawar duniya, taurari sukan fito kamar zare a bayan ƙarafan, yayin da ake haska gindin katangar da tocila. Wannan dabara tana da amfani: duhu yakan shafe daji, ya bar tsarin ginin da girmansa a fili.

3.0 Jigo

A nan ne rauni yake. Jigon hotunan shi ne natsuwa, alhali kuwa da hayaniya duniya ta san Duga. Siginarta takan kutsa cikin tashoshin gajeren zango da ƙwanƙwasa kamar sau goma a daƙiƙa, har masu sauraren rediyo suka laƙaba mata suna maƙwaƙƙwafin Rasha. Na'urar da ke aika siginar tana Liubech, wannan katanga kuwa kunne ce mai sauraro, amma hoton ba ya nuna haka.

Haka kuma, duk abin da ya motsa a gaban kyamarar da aka bari a buɗe yakan dushe, don haka da wuya a ga mutum. Amma a gindin katangar akwai garin Chernobyl-2, inda sojoji da iyalansu suka zauna har haɗarin nukiliya na 26 ga Afrilu, 1986 ya tashe su. Duhun da ya ƙawata ƙarafan shi ne ya haɗiye gidajensu.

4.0 Kammalawa

Hotunan sun yi nasara ta fuskar salo, sun gaza ta fuskar tarihi. Ya kamata ɗalibi ya tarki hoto kamar yadda yake tarken waƙa, ya tambayi abin da aka haska da kuma wanda aka bari a duhu.